Ba kullum ne laifin sabis ba, wani sa'in bokiti ne babu a ƙarƙashin indararo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa da fatan alheri, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan sammin fili in tofa albarkacin bakina akan maganar nan ta rashin kyan intanet a karkara, don na ga kwanakin baya kun buga koke-koken mutane kuma wallahi duk abinda suka faɗa haka yake, sabis a ƙauye sai a hankali, wani wajen sai ka je gindin wata bishiya takamaimai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya tafi. Ban zo wanke kamfanonin layi ba. Amma akwai wani ɓangare da ban ga kowa ya taɓo ba, ni kuma sai da ya ci min kuɗi ya kusa ci min mutunci a gari kafin na gane shi.

Ni ɗan ƙaramin shago gareni a wani gari a ƙasar Ringim, ina fotokwafi da buga takardu da cajin waya da sola, ina cike wa yara fom, sannan ina saida waifai na awa-awa. Ranakun da ba kasuwa lafiya lau, mutum biyar shida akan layi kowa na harkarsa. Amma ranar da kasuwa ke ci, da zarar an yi azahar samari sun cika rumfa waya ta kai talatin ko arba'in akan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba waifai, shikenan sai komai ya tsaya cak, bidiyo ya dinga juyawa, kiran WhatsApp ya dinga yankewa, wani ya taso ya ce Malam a bani kuɗina, wani ya ce ai dama cuta ce. Ni kuma amsata ɗaya ce kullum, sabis ne. Na canja layi, na canja wani, na sa aka ɗaure min eriya a kan doguwar gora har iska ta karya ta sau biyu. Abinda ya kamata ya farkar da ni shi ne in na cire layin na sa a wayata a daidai wannan lokacin sai in ga yana gudu, amma ban kawo komai a raina ba.

Ɗan yayana ne ya zo hutu, yana karatun kwamfuta, yaron baya da surutu. Ya zauna ranar kasuwa ya jona laftof ɗinsa da rautar ya shiga cikinta yana ta kallon wani baƙin allo mai farin rubutu, can ya ce Baffa zo ka gani. Ya nuna min wani layi da yake ta maimaituwa, page allocation failure, ya ce kaga wannan, kayan suna isowa har cikin shagonka, rautarka ce take zubar da su don bata da wajen zubawa. Na ce kai yaro wane irin wajen zubawa kuma, ba iska bace? Ya yi dariya. Bayanin da ya min a ranar da wanda na bi na karanta daga baya shi nake so in juye wa masu karatu iya fahimtata.

Duk abinda kake gani a intanet ba a dunƙule yake zuwa ba, yayyanka shi ake ƙanana-ƙanana ana ce musu fakiti, kuma a ƙa'idar da aka saba fakiti ɗaya baya ɗaukar kaya sama da bayit 1500, bayit kuwa shi ne ƙaramin ma'aunin data. Bidiyo mai megabayit 15 kaga fakiti sama da dubu goma kenan. To fakitin nan in ya taho baya sallama baya jira, kamar ruwan sama ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tarar ruwan indararo ya san ba sai ruwa ya kece ake fara neman bokiti ba, tun hadari na haɗowa Inna zata ce a jera bokitai da robobi da baho, ruwa na sauka wannan ya cika a janye a tura wani, a juye a randa a dawo da shi. In yaron da aka sa aikin ya tsaya wasa ko bokitan suka ƙare, ruwan ba zai koma sama ya jira ba, ƙasa zai bi.

Haka abin yake a cikin na'ura ba ƙari. Akwai katin netwok, wato ɓangaren na'urar da fakiti ke shigowa ta cikinsa, shi ne indararon. Akwai wata ƴar manhaja da ake ce wa direba, ba direban mota ba, ita ce take tsakanin katin da babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya, irin su Linux da wani ɗalibi Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, wanda yau shi ne a cikin duk wayar Android da ke aljihunmu da yawancin rautocin da muke saya. Aikin direba na farko tun kafin fakiti ko ɗaya ya zo shi ne ya je ya karɓo gurabe a memori, wato wajen da na'ura ke ajiye abinda take aiki a kai, ya jera su, ya rubuta wa katin adireshin kowanne a wani jeri da yake zagayawa kamar carbi, in an kai ƙarshe a dawo farko. Fakiti na isowa katin da kansa yake zuba shi kai tsaye a gurbin da ke gaba ba tare da ya nemi izinin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ba, wannan shi suke kira DMA, sai bayan ya zuba sannan ya ƙwanƙwasa wa furosesa ƙofa ya ce ga kaya fa sun sauka. Direba ya zo ya ɗauke cikakken ya miƙa sama, ya sa wani fanko a madadinsa. In katin ya zagayo ya tarar ba fanko, sai ya yar da fakitin ya ƙara ɗaya a lissafin waɗanda suka zube, shikenan, ba wanda zai faɗa maka sai in ka je ka duba lissafin da kanka.

Abinda ya fi bani mamaki saurin da abin ke faruwa. Tsohon direban katin Intel da ake kira e1000 gurbi 256 yake jerawa in baka taɓa komai ba. A kebul mai gudun gigabit ɗaya, in manyan fakiti ne kusan dubu 81 ke iya shigowa a sakan ɗaya, wato gurbi 256 zasu cika a kashi 3 cikin dubu na sakan. In kuma ƙanana ne masu bayit 64, sun kai miliyan ɗaya da dubu 488 a sakan, kafin kashi ɗaya cikin dubu biyar na sakan an gama cika su. Ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a wajen. Mu dai namu layin na ƙauye bai kai ko kusa da nan ba, amma ita ma ƴar rautar ai ba ƙarfin kwamfuta gareta ba, daidai ruwa daidai tsaki.

Toh ina matsalar tawa take? A wajen samo fankon. Yaron ya ce lokacin da direba ke maye gurbi yana cikin wani hali ne da ba a yarda ya jira ba ko kaɗan. Sauran manhajoji in suka nemi memori aka ce babu, ana iya ce musu ku ɗan kwanta bari a share wani waje a kawo muku, su yi barci a tashe su. Direba a tsakiyar karɓar fakiti ba shi da wannan gatan, ko a bashi yanzu-yanzu ko ya haƙura, a Linux irin wannan roƙon sunansa GFP_ATOMIC. Saboda haka ne ma Linux yake ware wani ɗan abu a gefe na ko-ta-kwana, kamar damin da maigida ke hana taɓawa a ƙasan rumbu sai bazara ta yi tsanani, har akwai wajen da ake saita yawansa. Ita kuma rautata gaba ɗaya memorinta megabayit 32 ne, na saye ta ne don araha a wata kasuwa a birni, mai shagon ya ce min zata ɗauki mutum hamsin, Allah ya yafe mana baki ɗaya. A cikin 32 ɗin nan Linux ya ci nasa, manhajar da ke yanka tikitin awa ta ci nata, kowace waya da ta jona sai an buɗe mata lissafi, kowace hira da wayar ke yi da waje sai an riƙe bayaninta, kuma waya ɗaya tana iya buɗe hira da yawa a lokaci guda ko mai ita bai taɓa ta ba. Mutum arba'in suka hau sai rumbu ya koma ƙasa, har na ko-ta-kwanan aka cinye, direba ya miƙa hannu aka ce babu. Su kansu masu OpenWrt, wato nau'in Linux ɗin da yaron ya taɓa sa min a rautar, tun bayan fitowa ta 19.07 suka daina yi wa na'urori masu memori megabayit 32 da ma'aji megabayit 4 sabon zubi, suka ce sun yi ƙanƙanta. Ni ina nan ina ɗaure eriya a gora.

Kuma wani abin haushin, fakitin da ya zube a cikin shagona ya riga ya ratso hasumiya ya shigo ta layina, ma'ana an riga an cire shi a datata. In na shafi ne ko bidiyo, tsarin TCP, mai tabbatar da cewa kaya sun isa, zai lura bai isa ba ya sa a sake turowa, kuma ya rage gudu don a zatonsa hanya ce ta cushe, kaga na biya sau biyu kuma an rage min gudu a banza. In na kiran murya ne ba a cika tsayawa sake turowa ba don kafin ya iso maganar ta wuce, shi ne zaka ji muryar mutum ta gutsure kana ta cewa hello hello kana jina.

Akwai wani abu da ya faɗa min da ya tsaya min a rai saboda ya yi kama da rikicin gonar gado. Memori a yanke yake shafi-shafi, yawanci kowane shafi bayit 4096. Wani lokacin in ka tara fankon da ke akwai yana da yawa amma a warwatse yake, nan shafi ɗaya can shafi ɗaya. In direba ya nemi waje babba a haɗe, misali masu kunna manyan fakitin nan na bayit 9000 da ake amfani da su a manyan ofisoshi, tsofaffin direbobi sai sun nemi shafi huɗu a jere ba tsinkewa, sai a rasa alhali memori bai ƙare ba. Kamar mutumin da in aka haɗa gonakinsa sun kai eka biyar amma fegi-fegi ne a unguwa bakwai, tarakta bata da inda zata juya. Shi yasa sababbin direbobi suka koma karɓar babban fakiti a gutsure cikin shafuka daban-daban. Wannan dai bai shafi shagona ba, daɗinsa na ji na kawo.

Dabarun da masu wannan aikin suka ɓullo da su kuwa duk wata uwa a ƙauye ta san su. Gurbi ɗaya yawanci wajen bayit 2048 ake ware masa don ba a san girman abinda zai faɗo ba, to in ɗan mitsitsin fakiti mai bayit 64 ya faɗa ciki fa? Ka tare bokiti guda da ruwan da bai cika moɗa ba. Sai direban e1000 ya ce duk fakitin da bai kai bayit 256 ba a juye shi a ɗan ƙaramin mazubi a maida babban ƙarƙashin indararo nan take. Wasu direbobin Intel na baya kuma suka dinga raba shafi biyu, ana amfani da rabi kati na zuba a ɗaya rabin, ana juyawa. Daga baya a 2018 aka shigar da wani tsari cikin Linux mai suna page_pool, aikin wani ɗan ƙasar Denmak Jesper Dangaard Brouer, wanda gundarinsa shi ne in an gama da shafi kar a maida shi babban rumbu a sake bin layin roƙo, a ajiye shi kusa da direba ya sake ɗauka. Wato dai a ɗauraye bokiti a dawo da shi, ba kullum aka yi ruwa a tafi kasuwa sayen sabo ba. Masu FreeBSD, wata babbar manhaja irin Linux, su ma suna da nasu, mbuf suke ce masa, da tarin gurabe masu bayit 2048 da in suka ƙare netwok ɗin na'urar ke tsayawa.

Sai maganar ƙwanƙwasa ƙofa. Da can kowane fakiti ya sauka sai kati ya katse furosesa, to in fakiti ya yi yawa sai furosesa ya ƙare a amsa sallama kawai baya samun sukunin sallamar baƙon da ya riga ya shigo, na'ura tana ta aiki tana zafi amma ba abinda ke fita. Wasu masana biyu Mogul da Ramakrishnan sun yi rubutu akan wannan tun 1996. Maganin da Linux ya ɗauka sunansa NAPI, aikin Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov wajen 2001, in sallama ta farko ta zo sai a ce wa kati ya isa haka daina bugawa, direba ya tsaya a bakin ƙofa yana kwasa da kansa, a al'ada guda 64 a zagaye ɗaya, ya ɗan ba wasu ayyuka hanya ya dawo, sai ya ga ba saura sannan ya ce toh in wani ya zo ka buga. Na ji daɗin ganin suna irin namu a cikin masu wannan aikin, ba zan ɓoye ba.

Abinda muka yi a shagon ba wani abin kuɗi bane sosai. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur da na jingine a lungu ƙura ta rufe ta, memorinta gigabayit 2, yaron ya hure ta ya sa mata Linux ya ƙara mata katin netwok na biyu, ita ta karɓi aikin raba layi da yankan tikiti, rautar kuma aka sauke mata kaya ta koma watsa waifai kawai. Ranar kasuwar da ta biyo baya ba wanda ya ce a bashi kuɗinsa. Sola ce dai ta ji a jikinta don kwamfutar tebur akwai shan wuta, sai da na ƙara batir.

Amma fa ni ma na tafka tawa wautar, gara in faɗa. Kafin ya koma makaranta ya koya min umarnin ethtool, wanda da shi ake ganin yawan gurabe da lissafin fakitin da suka zube. Wata rana na ɗora wa kwamfutar aikin sikanin takardu masu yawa ana tsaka da kasuwa, na duba na ga lissafin ya ɗan motsa, sai na ce ai na gano lagon abin, na ɗaga gurabe daga 256 zuwa 4096 wanda shi ne ƙarshen abinda katin ke ɗauka, na kira shi ina cika baki. Ya ce Baffa lissafa mana, 4096 sau bayit 2048 megabayit 8 kenan ka ɗaure a kati ɗaya, a wannan kwamfutar ba komai amma da a tsohuwar rautar ne ka yanke mata kwata na memorinta. Ya ce kuma yawan gurbi yana maganin ruwan da ya zo da ƙarfi ya wuce ne, in kuwa mai kwasar ne ya gaza kullum to dogon layi kawai ka ƙirƙira, fakiti zai shiga ya yi ta zama, ba a zubar ba amma ya isa a makare, kuma ga mai kiran murya da mai jiran POS ya amsa, latti da rashi duk ɗaya ne. Ya ce wannan ciwon na tara kaya a layi har suna gareshi, wani Ba'amurke Jim Gettys ya yayata shi wajen 2010, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel da take duba tsawon zaman da fakiti ya yi a layi ta zubar da wasu da gangan don masu turowa su sassauta. Da gangan fa ranka ya daɗe. Na daɗe ina juya wannan a kaina, ni da nake ganin duk ɗigon da ya zuba asara ne. Ƙarshe muka tsaya a 512 na kuma daina sikanin akan wannan kwamfutar ranar kasuwa.

Dalilin rubuto wannan doguwar wasiƙar, yanzu kusan kowane gari zaka samu mai saida waifai ko mai cibiyar koya wa yara jarrabawar kwamfuta, daga Gujungu har Maigatari har Wudil, kuma na tabbata da yawa suna can suna zagin sabis suna canja layi kamar yadda na yi. In zaka sayi rauta ta sana'a kar ka tsaya ƙirga ƙahonnin da ke kanta, na ga mai ƙaho huɗu da cikinta fanko ne, ka tambayi memorinta nawa, in mai shago bai sani ba ku duba lambar a intanet tare, ni dai yanzu ƙasa da megabayit 128 ko kyauta aka bani sai dai in kai gida. Kuma kafin ka ɗora laifi a waje yi gwajin da ni na gani na ƙi ganewa, lokacin da abin ya tsaya cire layin ka sa a waya ɗaya, in ya gudu to ɓarawon yana cikin ɗaki.

Sannan ina roƙon malamanmu na Kazaure da Dutse da Wudil da Kafin Hausa, yaran nan da kuke koyarwa a dinga tura su ƙauye hutu da laftof, su zauna a shagunan iyayensu ranar kasuwa su buɗe baƙin allon nan su gani da idonsu. Ku ma a jarida in da hali a ɗan buɗe wani lungu na irin wannan bayanin da Hausa ko sau ɗaya a wata, mu masu shago zamu dinga aiko da tambaya, ni ina da guda biyu a ƙasa tun yanzu, ɗaya akan batirin sola ɗaya akan firinta mai cin takarda in an yi hunturu.

Tsohuwar rautar ma na sauya ta daga baya na kaita gida, waya huɗu ce a kanta da ta uwargida da ta yara, tun da na kaita ko sau ɗaya bata yi tari ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai shagon fotokwafi da waifai,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.